Gyaran gida daga nesa: Inda kuɗin ma'aikacin Abuja ke narkewa a Kontagora

Duk wanda ya ratsa unguwannin Kontagora a tsakiyar rani zai ci karo da wani irin gida da ba ya ɓoyuwa. An kware rufin ɓangare guda, an tayar da sabon bango har ya kai linta, tsinin rodi ya yi tsatsa yana kallon sama, tulin yashin da aka sauke a ƙofar gida kuwa ya zama filin wasan yara da makwancin awaki. Tsofaffin gidan sun takure a ɗakuna biyun da guduma ba ta taɓa ba. Idan aka tambayi maƙwabta, amsar takan zo iri ɗaya: mai aikin yana Abuja, ana jiran ya turo.

Mai aikin nan sau da yawa ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ko hadimin wani ɗan majalisa ko minista. Yana haya a Kubwa, ko Lugbe, ko Mararaba, ko ma Suleja, domin tun daga shekarar 2003 da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus ɗin gida kuɗi a cikin albashi, aka kuma shiga sayar da gidajen gwamnati na babban birnin, ma'aikaci ya daina sa ran kwatas. Ya san ranar da zai cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, hayar Abuja za ta fi ƙarfin fanshonsa. Hadimi kuwa bai ma da wannan tabbacin, aikinsa na ƙarewa ne ranar da na uban gidansa ya ƙare. Saboda haka gidan Kontagora ba kwalliya ba ce a wurinsu. Shi ne inda iyaye ke zaune yau, shi ne kuma inda za a koma gobe.

Abin mamakin shi ne, waɗannan mutane su ne suka fi kowa sanin yadda ake ba da kwangila. A ofis, ba wanda zai sa hannu a fitar da kuɗi ba tare da zanen aiki da ƙididdigar kaya da takardar shaidar cewa an kammala wani mataki ba. Sun san dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ƙayyade kafin alƙalamin da za a ba ɗan kwangila da kashi 15 cikin ɗari, sun kuma san dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30. Amma mutumin da ya yini yana mayar da fayil saboda takarda ɗaya ta ɓace, shi ne zai zauna da dare ya tura wa birkila fiye da rabin kuɗin aiki ta waya, alhali abin da ke tsakaninsu bai wuce hirar minti goma da kalmar "in sha Allahu" ba. Kuɗin gwamnati ya samu kariyar da kuɗin guminsa bai samu ba.

Tsohon bango ba ya faɗin abin da ke cikinsa

Magina sun daɗe da sanin cewa gyara ya fi sabon gini wuya. Mai sabon gini ya san abin da ya zuba a ƙasa. Mai gyara kuwa yana ɗora aikinsa ne a kan na wasu da suka riga shi, galibi ma sun riga mu gidan gaskiya. Kontagora gari ne da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1864, kuma gidajen da ke kewaye da fadar Sarkin Sudan sun ga zamani iri-iri. A gida ɗaya za a iya samun zauren tubali da kaka ya gina, da rufin kwanon da uba ya ɗora bayan ya sauke azara, da shafen simintin da aka yi wa bangon laka don ya yi kama da na zamani, sannan ɗakunan bulo da wani yaya ya jona a gefe. Kowane ɓangare da irin harsashinsa, wani ma ba shi da harsashin kirki.

Shafen siminti a kan laka shi ne babban mai yaudara. Daga waje bango sumul, fenti na ƙyalli. Amma laka na shan danshi daga ƙasa, siminti kuma ya hana ta shan iska, sai gindin bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Wanda ya ƙwanƙwasa zai ji amo kamar na ganga, alamar shafen ya rabu da jikin bango. A sama kuma gara na aikinta a cikin katakon rufi. Akwai wata matsalar da ba a cika lura da ita ba: duk lokacin da aka gyara titi ko aka cike lungu, ƙasar waje na ƙara tudu, tsakar gida na zama kwari, sai ruwan da ya kamata ya fita ta kwata ya riƙa dawowa. Ambaliyar da ta afka wa Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ta tuna wa dukan jihar Neja cewa hanyar ruwa ba abin wasa ba ce. Mai gyaran da ya fara da zaɓen tayil kafin ya san inda ruwan gidansa ke bi, ya fara ne daga ƙarshe.

Buri biyu ne suka fi jefa masu gyara cikin haɗari. Na farko shi ne rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu domin a samu falo mai faɗi irin na Abuja. Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi, wani kuwa shi ke ɗauke da rufin. Ido ba ya bambance su daga hoton waya. Na biyu shi ne zuba dekin a ɗora bene a kan ginin da aka yi wa harsashin hawa ɗaya. Birkila zai ce ya sha yi, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai ginin da ya tsaya jiya ba hujja ba ce a kan wannan ƙasar da wannan harsashin. Injiniya na gaske zai sa a haƙa rami a gefen bango ya ga zurfin harsashin da faɗinsa da irin ƙasar da yake kai, kafin ya ce uffan. Benen makarantar da ya rufta a Jos a watan Yulin 2024, ya kashe mutum 22 galibinsu ɗalibai, hawa biyu ne kacal. Ba sai gini ya kai hawa 21 kamar na Ikoyi da ya faɗi a Nuwamban 2021 ba kafin ya yi kisa.

Wa ke yin me

A bakin jama'a, duk wanda ya sa hular kwano ya riƙe awo sunansa injiniya. A doka ba haka abin yake ba. Mai zanen gini, wanda ke tsara ɗakuna da iska da haske da mashiga, hukumar ARCON ce ke yi masa rajista, kuma tun 1969 aka kafa ta. Injiniyan da ke lissafin nauyi da yawan rodi yana ƙarƙashin COREN, wadda aka kafa a 1970. Mai ƙididdigar kaya da farashi yana da tasa hukumar tun 1986, ƙwararren mai gudanar da aikin gini kuma yana ƙarƙashin CORBON tun 1989. Kowannensu na da lambar rajista da hatimi, kuma ba rashin kunya ba ne a nemi ganin su. Dukan waɗannan hukumomi suna da ofis a Abuja, wato binciken ya fi sauƙi ga wanda ke nesa da gida fiye da wanda ke Kontagora.

Ba kowane gyara ne ke bukatar taron ƙwararru ba. Wanda zai sauya kwano, ya yi fenti, ya gyara banɗaki, kafinta da birkila da mai aikin famfo masu amana sun ishe shi. Amma da zarar maganar ta kai ga taɓa bango mai ɗauke da nauyi, ko ƙara ɗakuna, ko hawa sama, kuɗin mai zane da injiniya shi ne mafi arha a dukan aikin. Kuma ba sai an ɗauko su daga Maitama ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bida sun daɗe suna yaye masu wannan ilimi, da yawansu kuma suna aiki a cikin jihar.

Akwai dalilin da ya sa mai zanen da ya san garin ya fi dacewa. Zanen da aka kwafo daga rukunin gidajen Gwarimpa bai san zaure ba, bai san cewa baƙo namiji ba ya ratsa tsakar gida ba, bai tanadi wurin murhu da turmi da shanya ba, bai kuma yi tunanin tsohuwar da gwiwarta ba ta son matakala ba. Yakan zo da manyan tagogin gilashi masu fuskantar yamma, waɗanda a zafin Maris da Afrilu ke mayar da ɗaki tanda a garin da ba a dogara da wutar lantarki. Mai zane na ƙwarai zai fara zama da waɗanda ke kwana a gidan, musamman mata, kafin ya ja layi. Zai kuma auna tazarar da ke tsakanin rijiya da ramin masai, wadda masana lafiya ke son kada ta gaza mita 15, wasu ma suna cewa 30. A matsattsun gidajen cikin gari, wannan awon kaɗai kan sauya tsarin gaba ɗaya.

Izinin hukuma ma na cikin shiri. Gyaran da ya shafi ƙashin gini ko ya ƙara masa girma na bukatar amincewar hukumar raya birane ta jihar Neja, kuma zanen da ke ɗauke da hatimin masu rajista ne ake kai mata. Mutane kan raina wannan mataki har sai ranar da aka shafa wa bango jan fenti.

Gidan wa ake gyarawa?

Wannan tambaya ce da kunya ke hana yi, ita ce kuma ta fi raba zumunci. Yawancin gidajen da 'yan Abuja ke gyarawa gidajen gado ne da ba a raba ba. Mahaifi ya rasu, an bar gidan a dunƙule saboda uwa na raye, ɗan da Allah Ya ɗaukaka ya zuba tanadin shekara goma ya mayar da shi sabo. Ranar da aka zo rabo, filin da tsohon ginin na dukan magada ne, maza da mata, har da waɗanda ba su sa ko sisi ba. Shi yana ganin ya gina nasa ne, su suna ganin kyauta ya yi wa gida. Idan shi ne ya riga rasuwa, matarsa da 'ya'yansa ne za su tsaya gaban alƙali ba su da ko rasit.

Maganin ba shi da tsada. Kafin a sauke tifar yashi ta farko, a tara magada, a kira malamin da ya san rabon gado da shaidu, a rubuta matsayin kuɗin da za a kashe: sadaka ce ga gida, ko bashi ne da za a cire kafin rabo, ko kuwa an ware masa wannan ɓangaren a matsayin kasonsa. Kowanne daga ciki halal ne muddin an yarda. Wanda bai halatta wa kansa ba shi ne wanda ya yi shiru yana fatan za a gane. Haka nan takardar mallaka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, kuma gidaje da yawa a tsohon gari ba su da wata shaida sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa. Wanda ke tunanin jinginar da gida don karɓar bashi zai gane bambancin tun a teburin farko.

Lissafin da ba ya tsayawa wuri ɗaya

Wanda ya yi kasafin gyara a farkon 2023 ya ga abin da ya same shi. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni. A Oktoban shekarar, kamfanin BUA ya sanar da rage farashin buhun siminti a bakin masana'anta zuwa naira 3,500, amma kafin Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. A Kontagora kuma akwai ƙarin kuɗin mota, domin ko daga Sakkwato buhun ya taso ko daga Obajana ta jihar Kogi, sai ya sha doguwar hanya.

Ma'aikacin tarayya na da wata ƙofa da yawancinsu ba su ƙwanƙwasawa. Tun daga dokar asusun gidaje ta 1992 ake cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa ana kai wa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, kuma bankin na da bashi na musamman don gyaran gida. Sai dai a shekarun baya an tsayar da bashin a naira miliyan ɗaya, wadda a farashin dubu goma buhu ɗari ce kawai, ba yashi, ba rodi, ba ladan ma'aikata. Tana iya sauya rufi ko ta gyara banɗakuna. Ba za ta tayar da bene ba. Damar cire kashi 25 cikin ɗari na asusun fansho, wadda hukumar PenCom ta fitar da ƙa'idojinta a 2022, an yi ta ne don biyan kason farko na bashin mallakar gida, don haka kada mai gyara ya sa ta a lissafinsa kafin ya tambaya.

Tunda kuɗin zai riƙa zuwa ne gutsi-gutsi, hikimar ita ce a yanka aikin yadda kowane mataki zai ƙare gidan na zaunuwa. A fara da rufi da hanyar ruwa, a gama. A ɗauki ɓangare ɗaya, a kai shi har ƙofa da taga, a mayar da mutane ciki, sannan a taɓa na gaba. Gidajen nan masu tsinin rodi duk kuskurensu ɗaya ne: an rushe ko'ina a mako guda da kuɗin da bai wuce na kwata ɗin aikin ba. Ga hadimin ɗan siyasa wannan ya fi zama wajibi, tunda bai san ko zaɓe mai zuwa zai bar shi a kujerarsa ba. Wanda ya samu kuɗi a dunƙule zai iya sayen rodi da kwano da tayil ya kulle a ɗaki. Siminti ne ba ya son ajiya. Bayan 'yan watanni, musamman da damina, yakan fara daskarewa ƙarfinsa ya ragu.

Ɗan'uwa mai tsaron aiki

Daga Abuja zuwa Kontagora, ta Suleja da Minna da Zungeru da Tegina, tafiya ce mai cin mafi yawan yini. Tun bayan sace ɗaliban Kagara a Fabrairun 2021 da na Islamiyyar Tegina a Mayun shekarar, mutane da yawa suka rage zirga-zirgar ƙarshen mako. Sai aikin ya koma hannun ƙane ko ɗan baffa, wanda shi ke karɓar kuɗi, shi ke sayen kaya, shi ke biyan leburori, shi ne kuma ke ba da rahoton cewa komai na tafiya daidai. A ofis, ba mai binciken kuɗin da zai yarda mutum ɗaya ya riƙe waɗannan ayyuka huɗu.

Adalci ne a ce ba kullum ɗan'uwan nan ɓarawo ne ba. Sau da yawa ba a biyan sa ko kwabo, an ɗauka zumunci ya isa, alhali ya bar gonarsa ko shagonsa yana yini a rana. Bai san bambancin rodi mai kaurin milimita 12 da wanda aka rage wa jiki ba. Kuma kuɗin ginin ne kaɗai kuɗin da ke gidan ranar da aka kwantar da wani a asibiti ko suna ya taso. Ya ranta da niyyar mayarwa, bai mayar ba, kunya ta hana shi faɗa, sai a rage buhu biyu a kwaɓi don lissafi ya daidaita. Haka birkila. Mai gida ya matse shi a ciniki har jingar ta zama asara, ya riƙe masa lada mako uku, ya sauya wurin ƙofa sau biyu ta waya, sannan ya yi mamakin ganin ya koma wani aikin. Wanda aka ƙwara a baki yakan rama a cikin kwaɓi, inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ke kare kowa, har da shi ɗan'uwan, shi ne a raba ayyukan. A yanka masa lada bayyananne. Manyan kaya a biya dila kai tsaye ta banki, a riƙe rasit. Yarjejeniya da ɗan kwangila ko birkila ta kasance a rubuce, ko da Hausa ce a shafi biyu: abin da za a yi, da wane irin kaya, nawa ne, wa ke kawo ruwa, yaushe za a gama, kuma biya na bin mataki ne bayan an duba. Duk canjin da ya taso, ko daga Hajiya ya fito, a rubuta shi da farashinsa kafin a taɓa. Sannan a samu mutum na uku mai ilimin gini, wanda ba ya cin riba a sayen kaya, ya riƙa zuwa a lokutan da aiki ke shirin ɓuya: kafin a zuba kankare a harsashi, kafin a rufe rodin linta ko dekin, kafin shafe ya binne wayoyin wuta da bututun ruwa, kafin silin ya rufe katako. Ziyara huɗu ko biyar ce. Hoton WhatsApp na nuna bangon da aka gama ne, ba ya nuna bulon da ke marmashewa a hannu saboda an buga shi da yashi fiye da kima, ba ya kuma nuna ko an shayar da kankare. Kankare na son ruwa aƙalla kwana bakwai, ƙarfinsa kuma sai ya kwana 28 yake cika. A lokacin hunturu, iska na busar da shi tun bai ƙosa ba, ruwan kuwa saye ake yi a wurin 'yan garuwa, don haka shi ne abu na farko da ake tsumulmularsa idan ba mai kallo.

Lokaci ma na da nasa hukuncin. Da ruwa ya sauka a watan Mayu, leburori da yawa kan koma gona, kuma ba mai hankalin da zai kware rufin iyayensa a Agusta. Aikin rufi na rani ne. Gaggawar a gama kafin Babbar Sallah ko kafin ɗaurin auren ƙanwa ita ce ke sa a cire katakon dekin kafin lokacinsa, a shafa fenti a kan ɗanyen shafe, bayan wata uku ya fara ɓarewa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da kowane jami'in kwangila ya sani a ofis: ba a biyan kuɗi duka ranar miƙa makulli. Akan riƙe kaso kaɗan, galibi biyar cikin ɗari, na tsawon wata shida, domin gyara duk aibin da ya bayyana. A Kontagora wa'adin da ya fi ma'ana shi ne damina guda. A faɗa wa kafinta da birkila tun ranar ciniki, a rubuta, a kuma cika alkawari idan lokacin ya yi. Bayan ruwan Agusta ya yi kwana uku yana zuba, a sa yaro ya hau cikin silin da tocila, a zagaya gindin bango a ga ko ya jiƙe, a tsaya a tsakar gida a ga ta inda ruwan ke fita.